Kafin a Sa Linzami

Ranar hawan salla a ƙofar fadar Tasawa, ba abin da ke tsinka guɗa a bakin mata kamar a sako doki da sukuwa, ƙura ta turnuƙe, mutanen sahun gaba su fara ja da baya, sai kawai dokin ya zame ya tsaya cak, saura taku kaɗan ya isa inda sarki yake. Tambayi ƴan kallo abin da ya tsayar da shi, yawancinsu za su ce maka linzami ne. Suna da hujja, don linzamin ƙasar Hausa ba abin wasa ba ne: ƙarfe ne mai harshe da ke tokarar ganɗar doki in an ja, ga kuma zobe da ya kewaye haɓarsa ta ƙasa. Amma ka bi dawakin nan ka duba bakinsu bayan an sauka. Wani za ka tarar kumfar bakinsa ta yi ja da jini, yana ta fizgar kai. Wani kuwa kumfarsa fara sol, ya sauke wuya, yana goga goshi a kafaɗar mai shi. Dukansu sun tsaya a gaban sarki. Na farko zafi ne ya tsayar da shi. Na biyu ya riga ya tsaya tun ƙarfen bai kai ga namansa ba, saboda ya ji mahayinsa ya mayar da nauyinsa baya cikin sirdi, ya kuma ji muryar da ya sani tun yana shan nono. Wannan doki na biyu aikin hannun wani ne, aikin shekaru, kuma a gindin turke aka yi shi, inda babu makaɗi babu ɗan kallo.

Ƙasar Tasawa da ta Mayahi, a jihar Maraɗi, ƙasar doki ce tun ba yau ba. Jigawa ce mai rairayi, ruwan samanta kaɗan, kuma babu tsando, ƙudan nan mai sa wa dabba sammore, wanda ya hana doki tsawon rai a kurmin kudu. Shi ya sa tun da can a arewa ake haihuwar dawaki, a kora su kudu a sayar. Da jihadi ya fitar da sarakunan Hausa daga Birnin Katsina a wajajen 1807, zuriyarsu ta kafu a Maraɗi, ta kuma shafe kusan dukan ƙarnin tana ɗauki-ba-daɗi da sababbin masu mulkin Katsina da Sakkwato, duk a bayan doki. Tasawa tana tsakanin Maraɗi da Damagaram, a kan hanyar ayarin da ke gangarowa daga Azbin. Ta nan Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth ya ratsa a watan Janairun 1851 zai tafi Katsina da Kano. Mutanen da ransu ke rataye a wuyan doki ba sa wasa da horonsa, domin barden da dokinsa ya yi masa tutsu a tsakiyar daga ba shi ke dawowa gida ya ba da labari ba. Yanzu yaƙin ya wuce, babur ya karɓe aikin tafiya, farin 1973 da na 1984 sun share dabbobi masu yawa. Duk da haka, daga Korgom da Hawandawaki zuwa Kanan Bakashe da ƙauyukan bakin Gulbin Kaba, akwai gidajen da har gobe ba a tumɓuke turke a cikinsu ba. Ana kiwon doki don hawan salla da sukuwa da biki, ana kuma sayar wa dillalan da ke ƙetarawa da su Katsina da Daura da Kano.

Dokin Bahaushe ba a daji yake girma ba, kuma daga nan komai ya samo tushe. Makiyayan yammacin Amurka a da sukan bar doki a sake har ya shekara uku ko huɗu, sannan su jefa masa igiya, a hau shi da ƙarfi har ya gaji da tsalle ya sallama. Namu a cikin gida yake, turkensa ba nisa da ɗakin mai gida. Yana jin daka, yana jin kukan jarirai, kaji suna tsintar hatsi a tsakanin ƙafafunsa. Harawa da dusa da gero a hannun mutum yake samu, haka ruwa, haka kanwa. Wannan zama shi kaɗai rabin horo ne ga wanda ya san yadda zai ci moriyarsa. Ɗaya rabin shi ke raba gwani da wanda kuɗinsa kawai ya ba shi doki.

Gwani ya san wace halitta ce a gabansa. Doki duk girmansa abin farauta ne. Makaminsa na farko gudu, harbi da cizo sai in an toshe masa hanya. Idanunsa a gefen kai suke, yana ganin kusan duk abin da ke kewaye da shi, ban da wuri biyu: daf da goshinsa, da bayan wutsiyarsa. Mu kuwa mutane in dabba ta ba mu sha'awa, gaba da gaba muke tunkararta, mu miƙa hannu ga goshi, daidai inda ba ta gani. Mai horo ta kafaɗa yake zuwa, a karkace, yana magana tun daga nesa. Kafin kowane taku sai ya karanta jikin dokin: kunnuwa sun miƙe ko sun kwanta, hanci ya buɗe, farin ido ya fito, wutsiya ta manne, ƙafar baya ta ɗan ɗagu. Da wuya doki ya yi harbi bai yi gargaɗi ba. Wanda ya sha kofato, galibi gargaɗin ne ya wuce shi bai gani ba.

Ana fara aikin tun duƙushi bai san an fara ba, don ta kan uwarsa ake bi. Goɗiya takan ɗauki ciki wata 11, ta haifi ɗan da zai miƙe tsaye cikin sa'a ɗaya ko biyu, kuma a makonnin farko duk abin da zai sani na duniya a jikinta yake karanta shi. In mutum ya matso ta zabura ta kwantar da kunne, ya gane mutum abin gudu ne. In ta ci gaba da cin harawarta ana goge ta, ana cire mata kaska, ya gane akasin haka ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Saboda haka gwani ba ya rawar jikin kama jariri. Uwar yake yi wa hidima, ya bar ɗan yana leƙe ta bayanta. Masu bincike a Jami'ar Rennes ta Faransa sun gwada wannan dabara, suka fitar da sakamako a 2005: ƴaƴan goɗiyoyin da aka riƙa gogewa ana ba su abinci a hannu a kwanakin farko bayan haihuwa sun fi sauran kusantar mutum, sun kuma fi saurin yarda a ɗora musu shimfiɗa a baya, alhali su ba a kama su ba ko sau ɗaya a waɗannan kwanaki.

In ka tsaya kusa, ga irin abin da za ka gani. La'asar ta yi sanyi, dattijo yana zaune a kan tabarmar kaba yana tufkar igiya, ɗansa yana tsaye gefen goɗiya, duƙushi ɗan wata biyu ya laɓe a bayanta.

"Baba, in kamo shi?"

"A'a. Tsuguna nan, ka ba shi kafaɗa. Kak ka dube shi cikin ido. Bari shi zo da kanshi."

Yaron ya tsuguna. Duƙushin ya yi taku biyu ya tsaya, ya miƙo wuya iya tsawonsa, ƙafafun baya a ɗame, a shirye suke su kwashe shi. Ya huro iska a rigar yaron. Gashin leɓensa ya taɓa kunnensa. Hannun yaron ya soma tashi.

"Sauke hannunka. Yau shinshina kaɗai ya zo yi."

Duƙushin ya yi tsalle baya, ya kewaye uwarsa, ya sake dawowa, wannan karon har ya kama gefen hular da leɓe.

"To, ya isa. Tashi mu tahi."

"Baba, ai yanzu ya fara sabawa."

"Don haka na ce ka tashi. Bar shi da marmari, gobe shi za ya neme ka."

Wannan tashi da wuri, a ganina, shi ne abu mafi wuya a koya wa ɗan Adam a duk sana'ar. Mutum in ya ga abu yana tafiya daidai, so yake ya ƙara, ya ƙara, har ya kai dabbar inda za ta ƙi, sannan a rabu a kan ƙi. Gwani a kan nasara yake rabuwa da dokinsa, komai ƙanƙantarta. Zama gajere, sau biyu ko uku a wuni, ya fi masa zaman sa'a guda.

Tukuicin farko da duƙushi ke samu susa ce. Dawaki in sun shaƙu sukan tsaya gefe da gefe, wannan ya fuskanci gabas wancan yamma, kowane yana ɗan ciccizar gindin wuyan ɗan'uwansa, daidai inda geza ta ƙare. Mai horo a wurinsu ya aro. Yakan sa farce a wannan wuri ya sosa da ɗan ƙarfi, sai ka ga leɓen sama na duƙushin ya tsawaita yana rawa, ido ya lumshe, har ya juyo da kai yana neman inda zai rama masa susar. A 1993 wasu masana biyu, Feh da de Mazières, masu nazarin dawakin Kamarg a kudancin Faransa, sun auna suka tarar susa a daidai wannan wuri tana saukar da bugun zuciyar doki. Bubbuga wuya da tafin hannu kuwa, wanda mahaya da yawa ke yi da niyyar yabo, doki bai san shi ba a cikin danginsa.

In haƙora sun fara aiki sai a shigo da dusa, kuma nan ne gwaninta take, domin komai ya rataya a kan lokaci. Doki ba ya haɗa abin da ya yi ɗazu da abin da ya samu yanzu. In ya yi abin kirki ka shiga ɗaki ka ɗebo gero ka fito, ka saka masa ne a kan abin da ka tarar yana yi, ko da tonon ƙasa ne da kofato, kuma gobe tonon zai ƙara. Dole tukuici ya sauka cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu. Tunda hannu ba kullum yake da wannan sauri ba, sai a sa baki ya riƙe masa wuri. Wani "yauwa" yake cewa, wani ɗan fito yake yi. Da fari ana haɗa sautin da loma ne kawai: yauwa, loma, yauwa, loma, har kunnen duƙushi ya riƙa juyowa da jin kalmar. Daga ranar ta zama alkawari tsakaninsu. Ana iya furta ta daidai lokacin da ƙafa ta ɗagu ko kai ya sauka, lomar ta biyo a hankali. Sharaɗinta biyu: ba a faɗarta a hana, ba a kuma ɓarnatar da ita cikin hira.

Ɗauki ɗaga ƙafa, abin da ake rainawa. Doki ya miƙa maka ƙafarsa, ya ba ka abin gudunsa ke nan, kuma ba shi da abin da ya fi shi daraja. Wanda bai iya ba yakan rungumi ƙafar ya ja, dokin ya fizge, a yi ta kokawa, a ƙarshe a kira ƙarti su danne. Gwani daddatsa aikin yake yi. Yau hannu a kafaɗa, dokin ya tsaya, yauwa. Gobe hannun ya gangara gwiwa. Jibi ya kai ƙwauri ya dakata a can. Can sai dokin ya ɗan mayar da nauyinsa kan ɗaya ƙafar, abin da ɗan kallo ba zai ma lura da shi ba, amma shi mai horo ke jira: yauwa. Bayan kwanaki kofaton zai bar ƙasa da kansa, a tare shi da tafi na ƙiftawar ido, a mayar da shi ƙasa a hankali tun dokin bai nema ba. In wani mataki ya gagara, ba gardama ake yi ba, komawa ake yi na bayansa. Ribar wannan haƙuri ba ta ƙarewa. Dokin zai tsaya a cire masa ƙaya, a gyara masa kofato, likitan dabbobi ya yi masa allura ba a kayar da shi ba. Zai karɓi dabaibayi, wanda shi ne zaman yau da kullum na dokin gida, ba tare da ya fizgi ƙafarsa har igiya ta ci fata ba. Farin tabon nan da ake gani ya zagaye ƙafar dawaki da yawa sama da kofato, sau da yawa shaidar gaggawar wani ce.

Akwai masu cewa ba doki abinci a hannu koya masa cizo ne. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya, musamman da yake a ƙasar nan ingarmu ake hawa, ba kasafai ake dandaƙe su ba, kuma namijin doki da baki yake wasa. Hausawa sun ce hannu mai miya ake lasa. To amma laifin ba na dusa ba ne, na wanda ya ba da ita ne a lokacin da dokin ke cusa hanci a aljihunsa. Darasin farko na abinci shi ne ladabin karɓa: mai horo ya tsaya da ƙwarya a gefensa, dokin ya yi ta turo baki, ba ya samun komai, ba a kuma mare shi. Da zarar ya gaji ya kau da kai gefe, yauwa, sai a kai masa lomar can inda kansa yake, nesa da jikin mutum. Kwana kaɗan ya gane turo baki ba ya kawo komai, kau da kai ke kawowa. Kuma ba a yin wannan aiki da doki mai jin yunwa. Cikinsa ƙarami ne, an halicce shi ya wuni yana tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan, yunwa kuwa tana sa shi zafin rai. A fara ba shi harawa ya natsu, sannan a yi karatu.

Sai ragama. A nan ya kamata a faɗi gaskiya, domin ba duk horon kirki ba ne ake yi da loma. Hanya biyu ce doki ke koyo da su cikin lumana: a ba shi abin da yake so in ya yi daidai, ko a ɗauke masa abin da ya ɗan dame shi in ya yi daidai. Jan igiya na biyun ne. Doki in ya ji an ja shi, jikinsa ja da baya yake ce masa ya yi, shi ya sa wanda ya ɗaure duƙushi a turke ran farko ya tafi abinsa yana iya dawowa ya tarar ya ji wa wuyansa ciwo. Gwani yakan sa ragama mai laushi, ya bar shi ya saba da ita a kansa, sannan ya riƙe igiyar ya ɗan ɗame ta ta gefe, ya jira. Ba ya ƙara ƙarfi. Da duƙushin ya karkato ko da kansa kaɗai, sai hannun ya saki nan take. Sakin nan shi ne malamin. Wanda ya ja ya ci gaba da ja bayan doki ya biyo, ya koya masa cewa biyayya ba ta da amfani. In an haɗa sakin da yauwa da susa, karatun ya zauna ta fuska biyu. Tafiyar farko kuwa a bayan uwa ake yinta, zuwa rijiya, don ƙafarsa dama can take son zuwa.

Dokin da zai shiga hawa akwai abin da ke jiransa: tambari, kakaki, algaita, guɗa, laima, manyan riguna suna kaɗawa, a manyan biranen ma har ƴan bindiga, ga babura ta ko'ina. Ba a sabar da shi ta hanyar ɗaure shi a buga masa ganga a kunne har ya daina motsi. Dokin da aka yi wa haka ya yi shiru ne don ya fid da rai, kuma wata rana abin da ya haɗiye zai fashe a ƙarƙashin mahayi. Da nisa ake wasa. A sa yaro ya kaɗa tsohon garwa can bakin danga, inda dokin zai ɗaga kunne amma bai daina tauna ba. Tauna ita ce ma'auni: muddin baki na aiki, hankali na nan. In ya tsayar da tauna ya ƙame, an matso da yawa, a ja baya. Wata dabara mai kyau ita ce a bar shi ya bi abin tsoron maimakon abin ya bi shi. A ja buhu a ƙasa ana nisanta daga gare shi, sai ka ga wanda ɗazu yake huci ya biyo yana son ya taka. Abin da ke gudunsa ba zai cinye shi ba, haka hankalinsa ke ba shi. Ranar kasuwa kuma a fita da shi tare da tsohon doki mai sanyin hali, ya koya a jikin na gaba da shi.

Sirdi ba a gaggawarsa. Ƙasusuwan gadon bayan doki su ne na ƙarshe wajen ƙosawa, sai wajen shekara 5 zuwa 6, sirdinmu kuwa na itace ne mai nauyi, ga likkafa mai faɗi da kaifin gefe. Wanda ya ɗora wa ɗan shekara biyu ƙato da cikakkun kaya ya ci bashin da dokin zai biya da bayansa. Tsumma ake fara ɗorawa, sai buhu, sai igiya mai laushi a kewaya ciki a ɗame kaɗan a saki, don majayi shi ya fi tayar masa da hankali. Hawan farko yaro mara nauyi ke yi, wanda dokin ya sani. Ya jingina a kafaɗarsa, ya kwanta a bayansa da ciki ƙafafu na lilo, ya sauka tun ba a ce ya sauka ba. Ranar da zai zauna sosai, uban yaron yana riƙe da ragama yana susa. In an yi aikin baya da kyau, ranar ba ta da labari. Dokin zai waiwayo ya shinshini ƙafar yaron, ya ci gaba da abin da yake yi.

Linzami shi ne na ƙarshe, kuma kafin ya shiga baki dokin ya riga ya san tafi, tsaya, juya da ja da baya, da murya da ragama da nauyin mahayi. Tsayuwa ita aka fi dagewa a kai. Ana koya ta a ƙasa, sannan a tafiya, sannan a sassarfa, sai can a sukuwa, kuma kullum jerin ɗaya ne: murya, zama, sannan hannu. Doki mai wayo ne wajen gane abin da ke zuwa kafin wani abu, saboda haka ba da jimawa ba zai riƙa tsayawa a kan na farko don kada a kai ga na uku. Ƙarfen ma ba a tura shi ta kan haƙora. A shafa masa ɗan zuma ko jiƙaƙƙiyar dusa, a sa yatsa a gefen baki inda babu haƙori, a jira ya buɗe da kansa. A hannun irin wannan mahayi kamazuru a sake yake wuni, linzamin yana nan don ranar larura.

Abin da dattawan nan suka gano a gindin turke, wasu ma sun gano shi a nasu wurin. Zenofon, jarumin doki Bagirke, ya rubuta littafi a kan hawa kusan shekara 2,400 da suka wuce, inda ya hana a tunkari doki cikin fushi, ya kuma yi umarni a kyautata masa duk lokacin da ya yi abin da ake so. A 1938 Ba'amurke B. F. Skinner ya fitar da littafin da ya tsara ƙa'idar a ilmance, bayan gwaje-gwajensa da ɓeraye: halin da lada ya biyo bayansa yana ƙaruwa. Masu horar da dolfin, dabbar teku da ba ta ɗauruwa da igiya balle a yi mata bulala, suna cikin waɗanda suka mayar da ƙa'idar sana'a da usur da kifi, ɗaya daga cikinsu, Karen Pryor, ta baza ta a duniya da littafinta na 1984, daga baya ta iso ga masu dawaki. Binciken da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Carol Sankey da abokan aikinta a Faransa, na 2010. Sun koya wa duƙusai tsayawa da umarnin baki, wasu da tukuicin abinci wasu babu. Masu tukuicin sun fi saurin koyo, sun fi ƙarancin cizo da harbi, kuma bayan watanni da rabuwa sun tuna darasin, sun tuna mai koyarwar, har baƙon da ba su taɓa gani ba sun fi yarda su kusance shi. A 2016 kuma masana a Jami'ar Sussex ta Ingila suka nuna wa dawaki hotunan fuskar mutum, suka ga zuciyarsu tana saurin bugawa in fuskar ta mai fushi ce. Mai horon da ya fito daga rigima ya ce yau ba zai taɓa dokinsa ba, ba camfi yake yi ba.

Ba zan ce kowa a Tasawa ko Mayahi haka yake yi ba. Bulala tana nan, ƙaimi yana nan, kuma akwai mai cewa doki sai da wuta. Bulala tana aiki, shi ya sa ba ta ɓace ba: tana sa doki ya motsa yanzu-yanzu. Abin da ba ta iyawa shi ne ta gaya masa abin da ake so ya yi. Tana gaya masa wanda zai ji tsoro ne kawai. Sannan akwai matsin rayuwa. Harawa tana tsada in rani ya yi nisa, geron da doki zai ci shi ne na tukunyar gida, salla tana matsowa, dillali yana ƙofa, sai a matse aikin shekara cikin wata guda. Na fahimci wannan, amma ban yarda uzuri ne na dukan fuska ba. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana dukan dabba a fuska da yi mata lalas a fuska, kuma dabbar da Alƙur'ani ya buɗe Suratul Adiyati da rantsuwa da ita ba ta cancanci a fasa mata baki don ƴan kallo su yi tafi ba.

Kasuwa ma ta san bambancin, ko da ba ta faɗa. Mai saye da ya san doki, bayan ya gama duba haƙora da launi, akawal ne ko kili ko bidi, bayan an sukwane shi an dawo, akwai gwajin da yake yi wanda ba ya ɗaukar minti biyu. Zai sa hannu ya kama kunne, ya shafa ƙarƙashin ciki, ya nemi ƙafafu huɗun ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya tsaya gefen kai ya ɗaga hannu sama ba zato, kamar zai gyara hula. Dokin da ya sha mari zai fizge kai ya runtse ido, duk kwalliyar da aka yi masa ba za ta ɓoye ba. Wanda aka raina da susa da dusa zai bi hannun da kallo, wataƙila ma ya miƙo hanci ya ga ko da wani abu a ciki. Mai neman dokin da zai ɗora ɗansa a kai ranar salla, a kan wannan gwajin yake yanke abin da zai biya.